Jami'o'in da Suka Fi Tura Masu Neman Karatun Lauya a Amurka, da Yadda Za a Zaɓa a Cikinsu

A Amurka ba a shiga karatun lauya kai tsaye daga sakandare. Wanda yake son zama lauya sai ya fara yin digiri na farko na shekara 4 a duk fannin da ya ga dama, ya zauna jarrabawar shiga, sannan ya nemi gurbi a makarantar koyon shari'a, inda zai yi shekara 3 ya fito da digirin da ake kira JD, kafin ya fuskanci jarrabawar lauyoyi ta jihar da yake son yin aiki a cikinta. Saboda wannan tsari, tun yaro yana ajin ƙarshe na sakandare iyaye sukan fara tambayar wace jami'a ce ta fi tura ɗalibanta zuwa makarantun shari'a, da zaton cewa wadda ta fi turawa ita ce ta fi sanin hanya. Amsar tambayar ba ɓoyayya ba ce. Hukumar LSAC, wadda take shirya LSAT, wato jarrabawar shiga makarantar shari'a da aka fara a 1948, kuma kusan duk takardun neman gurbi ta hannunta suke bi zuwa makarantu kusan 200 da ƙungiyar lauyoyin Amurka, wato ABA, ta amince da su, takan fitar da jerin jami'o'i 240 da suka fi yawan masu nema. Matsalar ita ce jerin yana amsa wata tambaya ce daban da wadda mai zaɓe yake buƙatar amsarta.

Sunayen da suke saman jerin ba su cika sauyawa ba daga shekara zuwa shekara, sai dai wannan ta hau waccan ta sauka. Akwai Jami'ar Kalifoniya ta Los Angeles, wadda aka fi sani da UCLA, da 'yar'uwarta ta Berkeley; akwai Jami'ar Teksas ta Austin da Texas A&M; akwai Jami'ar Filorida ta Gainesville, da Jami'ar Jihar Filorida ta Tallahassee, da Jami'ar Tsakiyar Filorida ta Orlando da ake kira UCF, da Jami'ar Ƙasa da Ƙasa ta Filorida da take Miami, wato FIU; sannan Jami'ar Mishigan, da ta Jihar Ohayo, da ta Jihar Arizona, da ta Jojiya. Kowacce daga cikinsu tana fitar da ɗaruruwan masu nema a shekara. Abin da ya haɗa su a fili yake: dukansu jami'o'in gwamnatin jiha ne, kuma dukansu manya ne ƙwarai. Masu digiri na farko a UCF sun kusa 60,000, a Austin sun haura 40,000, a UCLA sun haura 30,000. Harvard kuwa tana da kimanin 7,000, Yale da Princeton ba su kai haka ba, kwalejin Amherst kuma ba ta cika 2,000 ba. Babbar tasha ta fi ƙarama fitar da fasinja, amma wannan bai nuna cewa motocinta sun fi kai mutum inda ya nufa ba.

Ɗan lissafi zai fito da maganar. A ɗauka, a matsayin misali kawai, wata jami'a tana yaye ɗalibai 12,000 a shekara kuma 600 daga cikinsu sun nemi makarantar shari'a, wato kashi 5 cikin 100. Wata kwaleji kuma tana yaye 480, mutum 50 suka nema, wato fiye da kashi 10 cikin 100. Ta farkon za ta fito a sahun gaba, ta biyun ƙila ma ba za ta shiga jerin ba, alhali a harabar ta biyun ne ɗalibi zai fi samun kansa cikin masu buri irin nasa. Ban da haka, jerin yana ƙidaya wanda ya nema ne, ba wanda aka ɗauka ba, bare a yi maganar wace makaranta ce ta ɗauke shi ko nawa ta rage masa a kuɗin makaranta. Yana kuma haɗawa da tsofaffin ɗalibai da suka gama shekaru da suka wuce suka yi aiki, domin a kan jingina kowane mai nema ga jami'ar da ta ba shi digiri na farko, ko da ya daɗe da barinta.

Jihar Filorida ta cancanci a tsaya a kanta, saboda jami'o'inta huɗu sukan mamaye saman jerin fiye da yadda girman jihar kaɗai zai bayyana. Kuɗin makaranta na ɗan jiha a jami'o'inta na gwamnati bai kai dala 7,000 a shekara ba, wanda yana cikin mafi araha a ƙasar, kuma tun 1997 jihar take da tallafin Bright Futures da yake biya wa masu ƙoƙari wani kaso ko ma dukan kuɗin. Ɗalibin da ya gama digiri na farko ba bashi a kansa ya fi samun ƙarfin zuciyar shiga wani karatun na shekara 3. Jihar kuma tana da makarantun shari'a fiye da goma, daga na Gainesville da Tallahassee da Miami zuwa Stetson da Nova da Barry, saboda haka mai nema yana da inda zai jefa takardarsa ba tare da ya bar gida ba. Abin lura shi ne UCF ba ta da makarantar shari'a tata, amma hakan bai hana ta shiga sahun gaba ba. Ke nan yawan masu nema ya fi bin yawan ɗalibai da arahar karatu da kasuwar lauyoyi ta yankin, fiye da wata dabara ta musamman da jami'ar take da ita.

Idan aka sauya tambayar aka ce wace jami'a ce ɗalibanta suka fi shiga manyan makarantun shari'a, sai jerin ya juye. Makarantar shari'a ta Yale tana ɗaukar kimanin mutum 200 a shekara, ta Stanford ƙasa da haka kaɗan, ta Harvard kimanin 560, kuma a ajujuwansu waɗanda suka fito daga Yale da Harvard da Princeton da Stanford da Columbia sun fi yawa nesa ba kusa ba idan aka auna da ƙanƙantar jami'o'in. Kotun Ƙoli ta Amurka ta nuna wannan a sarari. A cikin alƙalanta tara, Samuel Alito da Sonia Sotomayor da Elena Kagan sun yi digiri na farko a Princeton, jami'ar da ba ta da makarantar shari'a ko kaɗan; John Roberts da Ketanji Brown Jackson a Harvard; Brett Kavanaugh a Yale; Neil Gorsuch a Columbia. Biyun da suka rage daga ƙananan kwalejoji suka fito: Clarence Thomas daga Holy Cross a 1971, Amy Coney Barrett daga kwalejin Rhodes ta Memphis a 1994. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya yi digirinsa na farko a manyan jami'o'in jihohi da suke saman jerin LSAC.

Sai dai shi ma wannan jerin na biyu yana iya yaudarar mai karatu ta wata fuskar. Jami'ar da take ɗaukar ƙasa da mutum 5 a cikin kowane 100 da suka neme ta ta riga ta tace waɗanda suka fi iya cin jarrabawa tun suna 'yan shekara 18, kuma ba abin mamaki ba ne idan waɗannan mutanen suka sake cin LSAT da kyau bayan shekara 4. Babban ɓangare na nasarar da ake jingina wa sunan jami'ar, ɗalibin ne ya shigo da shi a kansa. Wanda Princeton ta ɗauka amma ya zaɓi Jami'ar Teksas saboda araha bai bar basirarsa a ƙofar Princeton ba. Tarihin 'yan siyasar ƙasar ma ya nuna hanyoyin suna da yawa: JD Vance ya gama Jami'ar Jihar Ohayo a 2009 ya wuce makarantar shari'a ta Yale, Joe Biden ya yi Delaware sannan Syracuse, Barack Obama ya fara a kwalejin Occidental ya ƙarasa a Columbia a 1983 kafin Harvard. Ba na cewa sunan jami'a ba ya tasiri. Yana yi, musamman idan masu nema biyu suka yi kunnen doki a maki. Amma nauyinsa bai kai yadda ake zato ba, kuma dalilin yana cikin yadda ake tantance masu nema.

Lambobi biyu ne suke jan ragamar tantancewar, wato makin LSAT da matsakaicin makin digiri na farko da ɗalibai suke kira GPA, inda makin A yake daidai da 4.0. Makin LSAT yana farawa daga 120 ya tsaya a 180, kuma kimanin kashi 5 cikin 100 na masu zama ne suke kai 170. Tun Agusta 2024 aka cire sashen wasannin lissafin tunani daga jarrabawar, saura sashen tantance hujja da na fahimtar karatu, abin da ya ƙara wa mai yawan karatu da rubutu daraja. ABA ta wajabta wa kowace makaranta ta wallafa wani rahoto na shekara-shekara da ake kira rahoton 509. Wanda ya buɗe shi zai ga yawan waɗanda suka nema da waɗanda aka ɗauka, sannan lambobi uku-uku na LSAT da na GPA, wato na kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasa, da na tsakiya, da na kashi ɗaya cikin huɗu na sama, sai kuma yawan waɗanda suka sami rangwamen kuɗin makaranta da girman rangwamen. Babu wani gurbi a takardar da aka ware domin sunan jami'ar da ɗalibai suka fito. Waɗannan lambobin tsakiya su ne mujallar U.S. News take sakawa cikin ma'auninta na jera makarantu, kuma duk da cewa Yale da Harvard da wasu sun daina ba mujallar haɗin kai a ƙarshen 2022, makarantu ba su daina kare lambobinsu ba. A manyan makarantun makin tsakiya na LSAT ya haura 170, na GPA kuma ya haura 3.9. A cikin wannan lissafi 3.9 daga Jami'ar Jihar Arizona 3.9 ce, kuma 3.5 daga Princeton 3.5 ce.

Akwai kuma abin da ɗalibai da yawa ba sa sani sai lokaci ya ƙure, wato LSAC ba ta ɗaukar GPA ɗin da jami'a ta rubuta yadda yake. Tana tattara takardun sakamako daga duk wata kwaleji da mutum ya taɓa ɗaukar darasi a cikinta kafin ya karɓi digirinsa na farko, ta sake lissafawa da ma'auninta. Makin A+ a wurinta 4.33 ne, saboda haka ɗalibin jami'ar da take bayar da A+ yana da damar da ɗalibin wadda take tsayawa a A ba shi da ita. Darasin da aka faɗi aka sake, idan makin farko yana kan takardar, duka biyun ake lissafawa, ko da jami'ar ta yafe na farkon. Darussan kwaleji da yaro ya ɗauka tun yana sakandare su ma suna shiga. Makin digiri na biyu kuwa ba ya shiga ko kaɗan, don haka wanda ya yi sakaci a shekararsa ta farko ba zai gyara lambar da mastas ba. Gaskiya ne rahoton da LSAC take aika wa makarantu yana nuna matsakaicin makin LSAT na 'yan jami'ar mai nema da kuma matsayin GPA ɗinsa a tsakaninsu, kuma jami'an tantancewa suna dubawa, amma wannan ƙarin haske ne kawai, ba ya sauya lambar da za su kai rahoto.

Shi ya sa al'adar bayar da maki a kowace jami'a ta zama abin dubawa kafin zaɓe. Princeton ta kafa ƙa'ida a 2004 cewa kada makin A ya wuce kashi 35 cikin 100 a kowane sashe, ta kuma janye ta a 2014 bayan ƙorafin ɗalibai cewa ana tauye su a gasar neman aiki da ƙarin karatu. A 2013 Harvard ta bayyana cewa makin tsakiya a kwalejinta A- ne. A manyan jami'o'in jihohi kuwa darussan shekarar farko, musamman na kimiyya da lissafi da tattalin arziki, sukan tara ɗaruruwan ɗalibai a zaure ɗaya, kuma a wasu sassan ana rarraba maki ne ta yadda kaɗan za su sami A. Wato zaton cewa babbar jami'ar gwamnati ta fi sauƙin maki ba koyaushe yake daidai ba, kuma bambancin da yake tsakanin sashe da sashe a jami'a ɗaya yakan fi wanda yake tsakanin jami'a da jami'a.

Inda manyan jami'o'in jihohi suke da rinjaye na gaske shi ne kuɗi, amma ga ɗan jiha kaɗai. Ɗan Kalifoniya yana biyan kimanin dala 15,000 a shekara a UCLA ko Berkeley, wanda ya zo daga wata jiha ko wata ƙasa kuma yana biyan fiye da 45,000, ban da masauki da abinci. A jami'o'i masu zaman kansu na sahun gaba kuɗin makaranta ya haura dala 60,000, jimillar kuɗin shekara kuma ta haura 80,000. Dole a ɗora wannan a kan abin da yake gaba, domin manyan makarantun shari'a suna karɓar fiye da dala 70,000 a shekara, kuma idan aka haɗa da kuɗin zama shekara ukun za su iya cinye dala 300,000. Dokar da aka sanya wa hannu a Yuli 2025 ta ƙayyade bashin gwamnatin tarayya ga sababbin masu karatun ƙwararru irin na lauya a dala 50,000 a shekara da 200,000 gaba ɗaya, daga Yuli 2026, wanda yake nufin ragowar sai daga aljihu ko bashin banki. Albashin lauyoyi kuma ba ɗaya ba ne: manyan kamfanonin lauyoyi na Niyok da makamantansu suna fara wa sabon lauya da dala 225,000 a 2024, amma mafi yawan waɗanda suka shiga aikin gwamnati ko ƙananan ofisoshi ba sa samun rabin haka. Wanda ya shiga makarantar shari'a da tsohon bashi a wuyansa, bashin ne zai zaɓa masa irin aikin da zai yi.

Duk da haka, kuɗin da aka rubuta ba shi ne kuɗin da kowa yake biya ba. Princeton ta daina saka bashi a cikin tallafinta tun 2001, kuma Harvard ta sanar a 2025 cewa iyalin da kuɗin shigarsu bai wuce dala 100,000 a shekara ba, ɗansu ba zai biya komai ba, har masauki da abinci. Ga ɗan talaka mai hazaƙa, jami'ar da ta fi kowacce tsada a takarda tana iya zama mafi araha a aikace, har ta fi jami'ar jiharsa. Masu matsakaicin hali ne suke shiga tsaka mai wuya, waɗanda samunsu ya wuce a ba su cikakken tallafi amma bai kai su biya ba tare da sun ji a jikinsu ba, kuma su ne ya fi dacewa su dubi jami'ar jiha da idon basira. A matakin shari'a ma akwai irin wannan rarrabuwa: Yale da Harvard da Stanford suna bayar da tallafi ne bisa buƙata kawai, yayin da Chicago da Columbia da Mishigan da Virginia suke da cikakken tallafi na hazaƙa, wanda makin LSAT da GPA suke da babban tasiri wajen samunsa.

Ƙananan kwalejoji irin su Amherst da Williams da Swarthmore da Pomona ba za su taɓa hawa saman jerin yawa ba, amma suna da abin da makarantar shari'a take nema bayan lambobi. Mai nema yana buƙatar wasiƙun shaida daga malamai, galibi biyu, kuma akwai tazara mai nisa tsakanin wasiƙar farfesan da ya zauna da ɗalibi a aji na mutum 12, ya karanta rubutunsa shafi-shafi ya mayar masa da gyara da jan biro, da wasiƙar wanda bai san shi ba sai ta lambar rajista. Karatun lauya karatu ne na karanta hukunce-hukunce masu tsawo da rubuta hujja, kuma jarrabawa ɗaya ta ƙarshen zango ce takan yanke makin darasi a shekarar farko, don haka wanda ya saba rubutu mai yawa ya shiga da guzuri. Babbar jami'a ma tana iya ba da wannan, amma sai ɗalibi ya tashi ya nema da kansa, ta hanyar shiga sashen hazikai da mafi yawansu suke da shi, da zuwa ofishin malami a lokutan da ya ware, da rubuta kundin kammalawa. Ɗalibi mai kunya ko mai jiran a kira shi yana iya ɓacewa cikin mutum 40,000 har ya gama ba wanda ya san sunansa.

Jami'o'in da aka kafa domin baƙaƙen fata suna da nasu matsayi da jerin yawa ba ya nunawa. Howard ta Washinton, wadda makarantarta ta shari'a ta fara a 1869, da Spelman da Morehouse na Atlanta, sun daɗe suna cikin manyan hanyoyin da baƙaƙen Amurka suke bi zuwa aikin lauya. Thurgood Marshall, baƙar fata na farko a Kotun Ƙoli, ya gama Jami'ar Lincoln a 1930 da makarantar shari'a ta Howard a 1933, Kamala Harris kuma ta gama Howard a 1986 kafin ta yi shari'a a San Francisco. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na Yuni 2023 da ya haramta la'akari da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, zumuncin tsofaffin ɗalibai da jagorancin malamai da waɗannan jami'o'i suke da shi ya ƙara muhimmanci, kodayake tallafin kuɗinsu bai kai na jami'o'i masu manyan asusu ba.

Wurin da jami'a take shi ma yana da nasa tasiri. Ɗalibin Georgetown ko George Washington, waɗanda suke babban birnin ƙasar, Washinton, yana iya yin aikin koyo a majalisa ko wata ma'aikatar tarayya ana tsakiyar zango, wanda hakan yana taimakawa wajen gane ko aikin lauya ya dace da mutum tun kafin ya ci bashi dominsa. Idan aka cire makarantu 14 ko makamancin haka da sunansu yake ci a ko'ina, sauran makarantun shari'a na yanki ne, ɗalibansu sukan sami aiki a jihar da suka yi karatu. Wanda ya san a Houston ko Tampa zai zauna ba ya buƙatar ya zagaya ta Boston, yankin da Harvard take.

Akwai kuma hanyar da ba a cika yi mata kirari ba, wato fara shekara 2 a kwalejin al'umma mai araha sannan a koma jami'a. UCLA tana karɓar ɗalibai da yawa daga kwalejin Santa Monica, UCF kuma tana da yarjejeniyar karɓar waɗanda suka gama kwalejin Valencia. Digirin da za a bayar a ƙarshe na jami'ar ne, kuma makin shekara biyun farko yana shiga lissafin LSAC daidai da sauran. Dangane da fanni kuwa, ABA ba ta fifita kowanne ba. Kimiyyar siyasa ce ta fi yawan masu nema, amma masu tattalin arziki da falsafa da lissafi sukan fi matsakaicin maki a LSAT, kuma wanda yake son aikin rajistar haƙƙin ƙirƙira sai yana da tushe a kimiyya ko injiniyanci. Gaggawa ma ba ta da amfani sosai, tunda mafi yawan waɗanda Harvard da Yale suke ɗauka sun yi aƙalla shekara ɗaya suna aiki bayan digiri, har Harvard tana da tsarin da ɗalibi zai nemi gurbi tun yana shekara ta uku bisa sharaɗin ya je ya yi aikin shekara 2 kafin ya fara.

A ganina, ɗan jihar da take da jami'a mai ƙarfi, irin Filorida ko Teksas ko Kalifoniya ko Mishigan ko Jojiya, wanda kuma iyayensa masu matsakaicin hali ne, ya fi dacewa ya zauna a gida, ya shiga sashen hazikai, ya tsare makinsa tun zangon farko, ya adana kuɗin domin shekara ukun da suke tafe. Wanda Harvard ko Yale ko Princeton ko Amherst ta ɗauka da tallafin da zai fitar da shi ba bashi, ba shi da dalilin ƙi. Abin da ban ga hujjarsa ba shi ne mutum ya biya kuɗin baƙo a UCLA ko Austin don kawai ya ga sunanta a saman jerin yawa, ko ya ci bashi mai nauyi domin jami'a mai zaman kanta wadda sunanta bai kai ya buɗe ƙofa ba. Kafin yanke shawara, ya kamata a tuntuɓi ofishin ba da shawara ga masu niyyar karatun lauya a kowace jami'a, domin LSAC tana ba su bayanin inda ɗalibansu suka nema da inda aka ɗauke su, a tambaye su mutum nawa suka nema bara, nawa suka sami gurbi, a waɗanne makarantu, kuma da wane maki.

Ga wanda zai taho daga wajen Amurka lissafin ya sha bamban. Ba shi da haƙƙin kuɗin ɗan jiha, ba shi da bashin gwamnatin tarayya, kuma jami'o'in jihohi ba su cika ba baƙi tallafi bisa buƙata ba, saboda haka manyan jami'o'in da suke saman jerin suna da tsada ƙwarai a gare shi. Kaɗan ne suke ɗaukar baƙo ba tare da duba aljihunsa ba kuma su biya masa abin da ya gaza, daga cikinsu akwai Harvard da Yale da Princeton da Amherst da Dartmouth da Bowdoin. Wanda ya riga ya yi digirinsa na farko a waje yana iya neman JD da shi, amma LSAC ba za ta ba shi lambar GPA ba, sai dai a auna takardarsa a ce ta yi fice, ko ta haura matsakaici, ko matsakaiciya ce, ko ta gaza, wanda hakan yake ɗora kusan dukan nauyin a kan makin LSAT. Wanda kuwa ya yi digirin lauya na shekara 5 a Zariya ko Kano ya wuce Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya, yana da gajeriyar hanya, wato LLM, digiri na biyu a fannin shari'a na shekara ɗaya, wanda jihar Niyok takan amince da shi a matsayin cikon sharaɗin zama jarrabawarta bayan ta tantance takardunsa. LLM ba ya buɗe ƙofar manyan kamfanonin lauyoyi kamar yadda JD yake yi, kuma ba kowace jiha ce take karɓarsa ba, amma shekara ɗaya ce a Amurka maimakon 7. Shi kuma wanda ya yi JD a can da niyyar komawa Nijeriya ya yi aiki, sai ya fara zama kashi na farko na karatun Makarantar Horar da Lauyoyi da aka tanada wa masu digirin waje, sannan ya shiga kashi na biyu tare da sauran ɗalibai kafin a kira shi lauya.